Humrar 'Yar Fari

A ƙarƙashin gadona akwai wani akwatin ƙarfe kore da ya biyo mu tun daga Sudan. Marfinsa ya lanƙwashe, kwaɗonsa ya ci tsatsa, kuma duk lokacin da muka tashi daga wani gida zuwa wani a nan Madina sai an sami mai cewa a yar da shi. Ban yar ba. A cikinsa kwalbar humra ta daɗe kwance, naɗe cikin tsohon zanen Yayata, kuma sai da ta yi shekara ashirin da tara babu wanda ya ga bakinta a buɗe.

Haɗa humra da turaren wuta ita ce sana'ata. Da ita na riƙe yara uku bayan rasuwar ubansu, ban je ƙofar kowa ba. Ga wanda bai tashi cikin mata irinmu ba, humra turare ne da ake haɗawa a gida. A daka icen sandal, a soya farce, wato ɓawon nan na teku mai kama da farcen mutum, a zuba kanumfari da miski, a kwaɓa, a turara kwaɓin a kan hayaƙin icen ɗalha har ya yi baƙi, sannan a narka shi cikin man sandal a toshe kwalba. Sabuwar humra ba ta da kunya, faɗa wa hanci take yi babu sallama. Sai ta shekara a kwalba take yin hankali. In ta haura goma kuwa, sai dai wanda ya shaƙa ya ba da labari.

Al'adar gidanmu ce tun daga kakarmu: in aka haifi mace, kafin uwar ta gama wankan jego a haɗa wa jaririyar kwalba guda, a toshe bakin da kakin zuma, ba za a fasa kakin ba sai makon bikinta. Da na haifi 'yata, a wani ɗan ɗaki can gindin dutsen Uhudu, Yaya ce ta ɗaure ƙugu ta hau rufin gidan da turmi da kasko. Kwana tara tana turara kwaɓin. Tsohon Balaraben da muke haya a gidansa sau biyu yana hawowa da bokitin ruwa, ya zaci gobara ce. Sandal ɗin kuwa a tsohuwar kasuwar gefen Harami ta saye shi, tun kafin a rushe ta, wurin wani dattijo da ke ba ka guntun icen ka ɗanɗana kafin ya ɗora a sikeli. A lokacin sandal ba wani abin a zo a gani ba ne. Da ragowar ma Yaya ta turara zannuwan jaririya.

Sai in faɗi yadda muke ni da yarinyar nan. 'Yar fari ce. Mu kuwa ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma yabonsa, ba ma rungumarsa a gaban mutane. Kunya ce, haka muka taras. Ni "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan", in ana zancenta in ce "'yar Yaya". Larabawan unguwa kuwa da sunan nata suke kirana, Ummu wance, tun daga bakin titi, ni kuma in amsa kaina a sunkuye kamar an kama ni da hannu a tukunyar miya. Abin bai dame ni ba a da, domin akwai Yaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta ɗauki yarinyar ta zama tata. Ita ke ƙwala mata kira tun daga ƙasan bene, ita ke yi mata kitso tana mata kirari, ita ke zuwa makaranta in an ba ta kyauta. Yarinyar na da shekara goma sha ɗaya Yaya ta kwanta ciwon kwana huɗu, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Daga ranar babu wanda ya sake yi wa yarinyar kirari a gidan. Ni ban iya ba, kuma ban ga ya kamata in koya ba.

Humrar ajiya tana son a juya ta sau ɗaya a shekara, don garin da ya kwanta a ƙasa ya sake haɗuwa da man. Ni a Rajab nake yi, watan da aka haifi yarinyar. Da farko ni kaɗai nake fito da ita, in goge ƙura, in kifa ta a hankali, in sa hanci a jikin kakin. Wata shekara maƙwabciya ta shigo ta same ni, wata shekarar ta zo da ƙawarta, kafin in ankara abin ya zama taro. 'Yan Cadi da 'yan Sudan da 'yan Kano da na Damagaram, a dafa shayi a kawo dabino, kwalba na yawo hannu zuwa hannu, kowa na ɗaga ta a hasken taga. Da fari launin zuma gare ta. Ta koma launin shayi, daga baya ta yi duhu sosai, sai an karkata ta ake ganin ja a gefe.

A nan nake sakin bakina. "Bana ta cika ashirin da biyu," in ce. "Ku dube ta da kyau. Ku zagaya Madina kaf, in kun samo irinta ku zo ku mare ni. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ba hayaniya, ba rawar kai, kullum ƙara kyau take." Mata su ce masha Allah. Ni na san wadda nake nufi. A shekarar da yarinyar ta gama karatun jinya ta kawo takardarta, a kan kwalbar na juye duk abin da ke raina. Na ɗauka kowa ya gane. Na ɗauka ita ma, da ke shigo mana da tiren shayi ta fita, ta gane.

Ana nan sai sandal ya fara ɓuya. Bana ka je a ce ya tashi, baɗi a ce kaya ba su iso ba, wata shekarar a ce can inda ake sare shi an hana. Abin da a da zai cika mini jaka ya koma abin da zan rufe a tafin hannu. Farce mai kyau ya bi sahu, miskin gaske kuwa sai labari. Kasuwa ta cika da wani farin ice da ake jiƙawa da turaren kanti, a shafa masa launi, a kira shi sandal.

Ni ba a yi mini wannan, don da harshe nake saye, yadda Yaya ta koya mini. Ka kankari icen da haƙori ka bar garin a kan harshe. Na gaske zai ɗan yi ɗaci tukuna, sannan ɗacin ya kwanta ya bar wani maiƙo irin na madara a maƙogwaro, ya daɗe bai tafi ba. Na ƙarya zafi yake yi nan take, kamar ka lashi sabulu. Ran nan wani mai shagon turare da na daɗe ina ciniki wurinsa ya miƙo mini guntu, yana rantsuwa wai ajiyar ubansa ce. Na kai baki. Na tofar a tishu a gabansa, na ce, "Ya Shehi, uban naka sabulu yake sayarwa?" Ya ce duk masu haɗa humra shi suke saye yanzu, kuma babu amaryar da ta taɓa dawowa da ƙara. Na ce to su saya, ni hannuna bai iya ba. Na fito ina huci, na manta ledar tumatirina a kan kantarsa, ban kuma koma ɗauka ba.

Taurin kan nan ya ci mini kasuwa, ba zan ɓoye ba. Masu biki suka koma wurin masu araha, sai in yi wata biyu ban kunna kasko ba. Oho dai. Wadda ta sayi kwalba a hannuna ta san abin da ta saya.

Yadda sandal ke ƙara ɓuya, haka sunan kwalbar akwatina ke ƙara tafiya. Matan da ban taɓa gani ba suka fara zuwa taron Rajab. Wani abu kuma ya canja a bakinsu wanda ban lura da shi da wuri ba, don ni ina can ina kirari. In na ce ashirin da shida, masha Allah ɗin sai ya fito da ja a murya, a kalli juna, a kalli ƙofar ɗakin yarinyar. Wata ta ce, "Allah dai ya nuna mana ranar fasa kakin nan da ranmu." A yi dariya. Ni ma, wawiya, in ce amin in taya su. Ba wai ba a zo neman yarinyar ba. An zo, ta duba, ta ce a'a, ni kuma ban taɓa ce mata uffan a kan aure ba, Allah shaida ne. Ashe kwalbar ce ke faɗa mata a madadina.

A shekarar da ta cika ashirin da tara, bayan ƙaramar salla, sai ga dillaliyar unguwarmu, wata Bakanuwa mai bakin zuma da ke shiga gidajen masu hali da atamfa da gwal. Sai da ta sha shayi kofi biyu sannan ta sauko da zancen. Wai wata hajiya a unguwar Khalidiyya za ta aurar da 'yarta, ta ji labarin kwalbar, ta ce ko nawa ne. Ta faɗi abin da aka taya. Ba zan maimaita ba, amma sai da na ajiye kofin hannuna don kada ya zube.

"Hajiya," in ji ta, "ki yi wa kanki faɗa. Kasuwa ta mutu, ga haya, ga takardun zama da za a sabunta. Kuma tsakani da Allah, ajiyar nan wa ake yi wa? Mai ita ba ta da niyya."

Na ce, "Shanye shayinki ki tashi, tun muna ganin mutuncin juna."

Ashe yarinyar na ɗaki, ranar ba ta da dawam, wato aikinta na asibiti, duk ta ji. Dillaliya na fita ta fito. A Madina aka haife ta, tana jin Hausa tsaf amma da Larabci take amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu. Ranar kuwa da Hausa ta yi mini magana, Hausarta mai ɗingishi, don kada in ce ban gane ba.

"Ummi, ki sayar."

Na ce, "Ke, kanki ɗaya kuwa?"

"Ki sayar, halas, shi ke nan, in huta."

Sai ta ba ni labari. Makon da ya wuce tana sa wa wata tsohuwa ƙarin ruwa, 'yar tsohuwar ta ƙura mata ido ta ce, a gaban abokan aikinta, "Ba ke ce mai kwalba ba? Bana shekararta nawa?" A gidan biki haka, a gidan gaisuwa haka, har a harabar Harami an taɓa tare ta. Duk Hausawan Madina sun san shekarunta, sun kuma san ba ta yi aure ba, saboda uwarta na tara mata duk shekara ta dafa musu shayi ta sanar.

"Kwalba kike gogewa," ta ce. "Kwalba kike ɗagawa a haske. Ita ce ba ta ba ki kunya ba. Ni tun da Inna ta rasu," haka take kiran Yaya, "ban ji wani a gidan nan ya ce na yi daidai ba. Ko sunana, Ummi. Mai gadin asibiti yana kiran sunana, ke ba kya kira."

Sannan ta ce ta nemi a mayar da ita asibitin garin Tabuka, an amince, takarda na cikin jakarta, ranar Lahadi za ta sa hannu ta miƙa. Can babu wanda ya san kwalba.

Ina ma in ce rungume ta na yi. Ina! Faɗa na hau. Na ce yaran zamani ba ku san kunya ba, kun zama Larabawa, uwata har ta mutu ba ta kira sunan Yaya ba, kuma Yaya ba ta gudu Tabuka ba. Na ce ta tafi, har Sham ma ta wuce in ta ga dama. Ta dube ni, ta koma ɗaki, ta rufe ƙofa a hankali. Da buga ƙofar ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar Talata ce. Washegari da hantsi na ɗauki mayafi na tafi wurin Iya, wata tsohuwa 'yar Cadi da ta girmi duk matan taronmu, tana zaune bayan rumfunan masu sayar wa maziyarta dabino a Uhudu. Na tambaye ta ko an taɓa fasa kaki ba biki.

"A'uzubillahi," ta ce. "Wadda aka fasa wa kaki ba biki ta zauna ke nan, ba aure."

Na ce, "Iya, kin gani da idonki?"

"Ina zan gani, tunda ba a taɓa samun mahaukaciyar da ta gwada ba?" Ta ƙara da cewa ma in bi a hankali, man da ya daɗe haka yana iya juyawa ya yi wari, ita ba ta taɓa jin kwalbar da ta kai shekarun tawa ba.

A hanyar dawowa, rana na dukan ƙeyata, motocin maziyarta na wucewa, na yi ta juya abin. In na sayar, na nuna wa Madina na fid da rai da 'yata, na kuma ba 'yar wata abin da Yaya ta sha hayaƙin kwana tara a kansa. In na ci gaba da ajiya, ranar Lahadi yarinyar ta miƙa takarda ta tafi, in zauna ni da kwalba muna kallon juna. Kafin in kai gida zuciyata ta gama tafasa, kuma ba da yarinyar nake fushi ba. Da masu masha Allah mai ja nake, da dillaliya, da hajiyar Khalidiyya, da ni kaina fiye da kowa. Na aika gida-gida: Juma'a bayan la'asar za a fasa kaki.

Kai, zo ka ga mata! Kowa ta ɗauka an sa rana ne a ɓoye. Tun daga ƙasan bene wata ta fara guɗa. Dillaliya ma ta zo, ko a raba kwalbar biyu ta sami na kaiwa. Iya aka hawo da ita ana riƙe da hannunta, fuska a murtuke, ita kaɗai ta san abin da nake shirin yi. Falo ya cika har ana zama a bakin kicin. Yarinyar na ɗakinta a kulle. Da safe na hango akwatin tafiyarta a buɗe kan gado.

"Wane ne angon? Ɗan ina ne?" suka yi ta tambaya.

Na ce, "Babu ango."

Guɗar ta mutu a maƙogwaron mai ita.

"Babu ango, babu biki, babu sa rana. Kun daɗe kuna tambayar ranar da za a fasa kakin nan, to yau ce. Wadda ta zo kallo ta gyara zama."

Iya ta ce, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah, kada ki rufe wa yarinya ƙofa."

Na ce, "Iya, aure a hannun Allah yake, ba a cikin kakin zuma ba."

Dillaliya ta dafe ƙirji. "Hajiya, in kika buɗe ta faɗi! Rabin darajarta a kakin take!"

"To ta faɗi."

Na ɗauko wuƙar yanka albasa. Ba zan yi ƙarya ba, maganar Iya na kunnena. In na buɗe wari ya tashi a gaban matan nan, na kashe kaina na kashe yarinyar, gobe a ce ga abin da ajiya ke jawowa. Kakin ya yi tauri, kuma a gefensa akwai shatin babban yatsan Yaya, inda ta danna shi yana da ɗumi. Shekara ashirin da tara ina ganin shatin nan. Na yi bismilla na sa wuƙa a tsakiyarsa.

Toshiyar ta fito da 'yar ƙara. Da farko ba a ji komai ba. Sai ga shi ya taso a hankali, ya cika falon har surutu ya ɗauke. Hayaƙin ɗalha ne ya fara isowa, amma ya yi laushi, ba ya shaƙe mutum. A bayansa sandal. Kanumfarin da ke ihu a sabuwar humra ya koma can ƙasa, sai ka nema.

Ban yarda da hanci ba. Na tsoma tsinke na ɗiga a kan harshe, yadda Yaya ke yi kafin ta sallami kwalba. Na jira ɗacin. Ya zo ɗan kaɗan, ya gaishe ni ya wuce. Sai maiƙon madarar nan, da wani zaƙi-zaƙi irin na busasshen dabino, da ɗumin da ya sauka har ƙirji ya zauna. A can ƙarshe, bayan na zaci ya ƙare, sai ɗanɗanon hayaƙi ya dawo, kuma wallahi rufin gidan nan na gindin Uhudu na gani, da Yaya tana tari tana fifita kasko da marfin tukunya. Ban taɓa ɗanɗana abu irinsa ba, ba kuma zan sake ba, don icen da aka yi shi da shi babu shi.

Iya da ta gama yi mini wa'azi, sai ga ta ta miƙo yatsa. Na ɗiga mata. Ta kai baki, ta rufe ido, ta daɗe. "Ta nuna," ta ce. "Allah ya ji ƙan mai hannun nan." Sai hannaye suka taso ta ko'ina. Na rufe bakin kwalbar da tafina na ce babu wadda za ta shafa sai mai ita ta fara.

Na juya wajen ɗakin. "Ke! Fito." Shiru. "Yarinyar nan, da ke nake." Shiru. Na san tana ji, ƙamshin ma ya riga ni shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Mata suka fara kallon juna, irin kallon nan da na sani.

Ni na zaɓa mata sunan. Sau ɗaya na taɓa furta shi, a kunnen Yaya, kwana uku kafin suna. Na buɗe baki zan kira shi. Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa, kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Ga Iya sa'ar uwata, ga masu kai labari sun baza kunne. Na ce a raina, ku ji, ku kai. Na kira shi, da ƙarfin da ya fi yadda na yi niyya.

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu, 'yar fari!"

Ƙofar ta buɗe. Ta tsaya da rigar zaman gida, idonta jawur, tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na ce ta zo ta zauna a gabana. Na zuba humrar a tafina, ba ɗigawa ba, zubawa, har dillaliya ta yi ƙara kamar an taka ta. Na shafa mata a wuya, a bayan kunne, a gashi, a hannayen nan da ke ɗaga marasa lafiya. Rabona da taɓa wuyanta tun tana goye. Na ce, kuma ita nake kallo, "Ku zagaya Madina kaf, in kun samo irinta ku zo ku mare ni. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ni ce na ba ta."

Ba ta yi kuka nan da nan ba. Ta riƙe hannuna mai maiƙo da hannu biyu, ta ce a hankali, da Hausarta mai ɗingishi, "Ummi, sake faɗa."

Na ce, "Duk wannan dogon zancen?"

"A'a. Sunan."

Na sake faɗa.

Ranar Lahadi ta tafi dawam ta dawo, ba ta yi mini zancen takardar ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana biyu na ga akwatin tafiyar ya koma saman kwaba. Da ƙanenta ya tambaye ta zancen Tabuka, sai ta ce wai an ce sanyin garin ba kyau. Na bar ta a haka. Ai jinina ce.

Iya har yau tana cewa na yi ganganci, amma ba ta taɓa zuwa gidan ta tafi ba ta miƙo yatsa ba. Kwalbar ta bar akwati, tana gaban madubin yarinyar, ranar da ta ga dama ta shafa ta zauna a gida abinta tana kallon talabijin. Humrar ta sauka ƙasa da rabi. Sandal bai dawo ba, kasuwata ma ba ta dawo ba, dillaliya kuwa duk ta shigo sai ta leƙa ta ga inda man ya tsaya ta yi salati. Taron Rajab na daina. Watannin baya wata baƙuwa ta tare ni a bakin masallacin unguwa ta ce, "Hajiya, ke ce uwar mai kwalba?" Na ce babu mai kwalba a gidana. Na gaya mata sunan 'yata, na sa ta maimaita.